Ɗan Maraya Jos Mai Kuntigi: Mawaƙin Da Ya Tsaya Shi Kaɗai

Duk wanda ya yi wayo a Nima ko Maamobi, ko Sabon Zongo, ko Fadama, a zamanin da kaset ke tashe, ba sai an gaya masa muryoyin da ke fitowa daga shagunan teloli da teburan masu shayi ba. Akwai Alhaji Mamman Shata da kalangansa, akwai Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, kowannensu da rundunar makaɗa da 'yan amshi a bayansa. To, amma a cikin manyan nan akwai wata murya guda wadda ba ta da kowa a baya. Mutum ɗaya ne, riƙe da ɗan abin kiɗan da zai iya shiga aljihun babbar riga, shi ke kiɗa, shi ke waƙa, shi ke amsa wa kansa. Wannan kuwa shi ne Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar Asabar, 20 ga watan Yuni, 2015.

Wataƙila mai karatu ya ce, me ya haɗa mu a nan Ankara da mutumin Jos, har da za a ba shi wannan fili? Abin da ya haɗa mu shi ne, Ɗan Maraya ɗan zongo ne kamar mu. An haife shi ne a garin da Hausawa suka je neman abinci suka zauna a cikin wasu ƙabilu, nesa da Kano da Katsina da Sakkwato. Mutanen da ya zaɓa ya yi wa waƙa kuma, irin waɗanda muke gogayya da su ne kullum a tashar mota da bakin kasuwa.

Maraya a garin kuza

An haifi Adamu Wayya a shekarar 1946 a Bukuru, wani gari da ke kudu da Jos, a jihar Filato ta yanzu a Nijeriya. Yankin nan na Jos tun asali mazaunin Birom ne da Anaguta da Afizere. Abin da ya jawo Hausawa da yawa can shi ne kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawan Ingila suka shiga haƙar kuza a kan tsaunukan, sai lebura ya zo, ɗan tireda ya biyo shi, mahauci da wanzami da mai tuwo suka biyo baya, malami ya zo da allunansa, makaɗi ma ya rataya gangarsa ya taho. Kafin a jima an yi unguwa, an gina masallaci, an naɗa sarkin Hausawa. In mai karatu ya cire kuza ya sa goro a madadinta, to labarin Salaga ke nan da Kete Krachi da Kumasi, da kuma Sabon Zongon Malam Baƙo a nan Ankara.

Mahaifin Adamu makaɗin fada ne a wurin sarkin na Bukuru. Ba a daɗe da haihuwar yaron ba mahaifin ya rasu, mahaifiyarsa ma ta bi bayan mijinta tun jaririn bai san abin da duniya ke ciki ba. Sarkin da mahaifinsa ya yi wa hidima shi ne ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan ne sunan Ɗan Maraya ya bi shi, har ya danne sunan yanka. Wani da ya girma ya yi suna, da sai ya nemi a manta da wannan laƙabi, domin ba sunan alfahari ba ne. Shi kuwa sai ya rungume shi, ya haɗa shi da sunan garin da ya zauna, ya zama da shi duniya ta san shi.

Tun yana ƙarami sha'awar kiɗa ta bayyana gare shi, yana bin makaɗan gari yana kallon yadda suke yi. Bisa al'ada, ɗan makaɗin fada ganga zai gada, ya shiga ƙungiya, ya fara daga amshi har wata rana ya zama shugaba. Shi Adamu ba uban da zai ɗora shi a kan wannan hanya. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri, tun bai balaga ba, ya ga makaɗan can, abin ya shiga ransa, ya haɗa wa kansa kuntigi. Bai sake ajiye shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Gwangwani da tsirkiya ɗaya

Wanda bai taɓa ganin kuntigi ba, in ya ji shi a kaset zai zaci wani babban abu ne. Alhali kuwa gwangwanin kifi ne, irin mai ɗan tsawon nan na sadin, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa 'yar sanda ta zama wuya, sannan a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Shi ke nan an gama. Garaya da molo da gurmi duk sun fi shi girma da yawan tsirkiya, watau a dangin kayan kiɗan da ake kaɗawa da yatsa shi ne ɗan autansu.

Yadda ake sarrafa shi ne abin mamaki. Hannu ɗaya yana kaɗa tsirkiya da sauri ƙwarai, ɗayan kuma yana danna ta a wurare daban-daban a jikin sandar don sauti ya hau ko ya sauka. Kowace waƙa tana da nata ɗan salon kiɗa wanda ake ta maimaitawa. In mawaƙin ya yi shiru, sai kuntigi ya koma kan wannan salo ya riƙe waƙar. In ya ci gaba da rerawa, sai ya riƙa karkata kiɗan yana bin hawa da saukar muryarsa. Ashe ke nan aikin da 'yan amshi biyar ko shida ke yi wa wani mawaƙi, watau su ba shi damar numfasawa da tuno ɗan waƙa na gaba, shi gwangwanin nan ne ke yi wa Ɗan Maraya.

Hausawa kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gaskiya ne tsayuwa kai kaɗai a gaban taro akwai wuya. In ka manta baiti, ba wanda zai rufa maka asiri. In murya ta dushe, ba wanda zai ɗaga ta. Amma akwai wata riba a ciki wadda ta shafi irin waƙar da mutum zai iya yi. Mawaƙin da ke da mutum goma a bayansa, kowane da iyali, dole ne ya nemi inda kuɗi suke, ya je ƙofar sarki ko ta attajiri, domin a samu abin rabawa, a biya kuɗin mota, a ɗinka wa yara riguna. Mai kuntigi ba shi da wannan nauyi. Yana iya tsayawa a tasha, ko a bakin rumfa, ya yi wa wanda ya ga dama waƙa, ko da wanda aka yi wa ba shi da abin bayarwa sai godiya.

Waƙar wanda ba a yi wa waƙa

Ba a ce Ɗan Maraya bai yabi manya ba. Ya yabe su, kamar kowane mawaƙin da ya riƙi waƙa sana'a. To, amma waƙar da ta fara fito da shi, wadda har yau da ita aka fi tuna shi, ita ce Waƙar Karen Mota. Karen mota shi ne yaron direba, wanda a nan muke ce wa "mate", mutanen Ga kuma su ce "aplanke". Sunan kansa ya isa ya nuna yadda jama'a suka ɗauke shi.

Mai karatu ya dubi aikin yaron trotro a tashar Nima, ko Circle, ko Kaneshie. Shi ne farkon tashi, ya wanke mota tun kafin kiran assalatu. Shi ne ke rataye a bakin ƙofa yana kiran fasinja har muryarsa ta shaƙe. In taya ta yi faci shi zai shiga ƙarƙashi, in mota ta mutu a tsakiyar titi shi zai tura, in canji ya ɓace shi za a zaga, in fasinja ya fusata da direba a kansa zai huce. Duk da haka, daga cikin yaran nan ne ake samun direbobin gobe, daga cikin direbobin kuma ake samun masu motocin kansu. Irin wannan yaro ne Ɗan Maraya ya ɗauka ya yi wa abin da a da sai sarki ko babban attajiri ake yi wa, watau ya yabe shi a bainar jama'a, ya lissafa wahalarsa a matsayin abin a jinjina masa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a al'adar da waƙar yabo ke bin sarauta da asali da dukiya. Mawaƙin fada yakan ambaci kakannin sarki ɗaya bayan ɗaya. Karen mota ba shi da kakan da za a ambata, guminsa kawai yake da shi, kuma mawaƙin da ya tashi ba uwa ba uba ya fi kowa sanin darajar mutumin da ba shi da wanda zai jingina da shi. Daga nan ya ci gaba da waƙe masu ƙananan sana'o'i da zancen mai akwai da marar shi, da halin ɗan Adam mai wuyar ganewa.

Yana ɗan shekara 20 da 'yan kai rikicin Nijeriya ya ɓarke. Dattawanmu za su tuna cewa a nan Gana, a garin Aburi, Janar Ankrah ya tara shugabannin sojan Nijeriya a watan Janairu na 1967 don a sasanta, amma sulhun bai ɗore ba. Aka gwabza yaƙin basasa daga watan Yuli na 1967 har zuwa Janairu na 1970, aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa, musamman a gabashin ƙasar inda yunwa ta yi ɓarna. A lokacin nan Ɗan Maraya ya yi waƙoƙi da dama na ƙarfafa wa sojojin gwamnatin tarayya gwiwa, yana siffanta fagen fama kamar mai sauraro yana gani da idonsa. Waƙoƙin nan sun ƙara kai sunansa lunguna da barikoki, inda a da ba a san shi ba.

Alƙalin zaman aure

Wani fagen da ya yi fice a ciki shi ne zaman iyali. A waƙarsa ta Jawabin Aure ya jero irin matsalolin da saki ke haifarwa, ya ja kunnen ma'aurata da su nemi gyara kafin su kai ga rabuwa. A ta Auren Dole ya soki iyayen da ke ɗaura wa 'ya'yansu mata aure da wanda ba sa so. A ta Gulma Wuya kuma ya kawo labarin 'yar gulmar unguwa, wadda ke haɗa baki da boka tana zuga matan mutane su bar gidajensu da alkawarin za su sami wanda ya fi.

Duk wanda ya zauna a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya, ya san wannan mata ko da ba da wannan suna ba. A irin gidajenmu na Zongo, inda abin da aka faɗa a ɗaki ɗaya ake jin sa a na kusa, gulma ta kashe auren da talauci bai kashe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu iya magana, kuma Ɗan Maraya bai bar miji ko mata ba wajen nuna inda tsagar take.

Abin lura shi ne yadda ya faɗi waɗannan maganganu. Bai hau mumbari ba, domin shi ba malami ba ne, bai kuma yi zagi ba. Labari yake bayarwa da Hausa mai sauƙi, ya kawo zancen wannan ya kawo na wancan, a yi dariya, sai bayan an gama dariyar mutum ya gane ashe da shi ake. Maganar auren dole, wadda yarinya ba ta isa ta faɗa wa mahaifinta ba, ga ta tana fitowa daga rediyon da ke gaban mahaifin, yana kuwa kaɗa kai yana jin daɗin kiɗan.

'Yan uwansa a ƙetaren teku

Irin wannan mawaƙi da ke tsayawa shi kaɗai ba a ƙasar Hausa kawai ake samunsa ba. A kudancin Amurka, a cikin baƙaƙen fata jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, akwai wani kiɗa da ake kira buluz, wanda ya bayyana wajen ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 a yankunan noman auduga irin su Misisipi. Waƙar talaka ce, zancenta bai wuce wahalar aiki da rashin kuɗi da rabuwa da masoyi da doguwar tafiya ba. A cikin masu wannan kiɗa akwai waɗanda ake yi wa laƙabi da ƙungiyar mutum ɗaya, saboda mutum guda ne ke yin aikin makaɗa uku ko huɗu a lokaci ɗaya.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Jesse Fuller, wanda aka haifa a jihar Jojiya a 1896, ya rasu a birnin Oakland na jihar Kalifoniya a 1976. Shi ma bai tashi a gaban iyayensa ba, riƙo aka ba da shi tun yana ƙarami, ya kuwa sha wuya a hannun masu riƙon. Ya yi kiwon shanu, ya yi fasa dutse, ya yi shushaina, ya yi aikin reluwe, ya yi aiki a inda ake ƙera jiragen ruwa. Sai da ya haura shekara 50 sannan ya riƙi kiɗa sana'a, da ya nemi abokan kiɗan da zai dogara da su ya rasa, sai ya ce bari ya yi abinsa shi kaɗai. Ya riƙe jita mai tsirkiya 12 a hannu, ya rataya abin busa a wuya daidai bakinsa, ƙafar hagu tana buga faifan ƙarfe, ƙafar dama kuma tana taka wani akwati mai manyan tsirkiyoyi shida da ya ƙera da kansa, wanda aka sa wa suna fotdella. Waƙarsa mai suna San Francisco Bay Blues, wadda ya fara ɗauka a 1954, manyan mawaƙan duniya sun yi ta maimaita ta, ciki har da Eric Clapton a 1992. Akwai kuma Joe Hill Louis na birnin Memphis, mai haɗa jita da abin busa da ganga, wanda ya rasu a 1957 yana da shekara 35 kacal.

In aka ajiye Fuller da Ɗan Maraya gefe da gefe, za a ga matsala ɗaya ce ta same su, kowa ya bi tasa hanyar. Fuller ya yi ta ƙara kayan kiɗa a jikinsa har ya zama ƙungiya. Ɗan Maraya kuwa ya rage komai har ya saura tsirkiya ɗaya, ya sa ta ta wadatar. Ita ma tsirkiya ɗayan akwai ta a can. Yaran talakawa a Misisipi sukan kwance wayar da ke ɗaure da tsintsiya, su kafa ƙusa biyu a bangon katako su ɗaure ta, su cusa kwalba a ƙarƙashi don ta yi tauri, su riƙa kaɗawa. Da yawa daga cikin manyan makaɗan buluz a kan wannan waya suka fara koyo. Da babu gara ba daɗi, ko a Bukuru ko a Misisipi.

Wannan kama ta ja hankalin masana. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Paul Oliver ya zo Gana a 1964, ya je har arewacin ƙasar ya saurari makaɗa, sannan a 1970 ya fitar da littafi mai suna Savannah Syncopators. Abin da ya kawo a ciki shi ne, wanda ke neman tushen buluz a Afirka ya fi kyau ya dubi ƙasashen sarari na arewa, inda ake da mawaƙi guda da abin kiɗa mai tsirkiya, maimakon manyan gangunan bakin teku. Wani masanin, Gerhard Kubik, ya faɗaɗa wannan bincike a littafinsa na 1999, ya kuma sa kiɗan Hausa cikin abubuwan da ya gwada. Marigayi Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda faifansa Talking Timbuktu na 1994 ya ci kyautar Grammy, shi ma da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya ɗauki jita. Ba a ce Ɗan Maraya buluz yake yi ba, kiɗansa na Hausa ne tsantsa. Amma wanda ya saurari biyun zai ji dangantaka, kamar yadda akan ga kamannin kaka a fuskar jikan da aka haifa a wata ƙasa.

A nan gida Gana

Ba sai mun je Amurka ba ma kafin mu ga dangin kuntigi. Maƙwabtanmu Farafara na yankin Bolgatanga suna da kologo mai tsirkiya biyu, wanda da ganin sa ka ga ɗan uwan molo da gurmi. Dagwamba suna da gonje, wanda shi ne gogenmu. Da kologon nan ne King Ayisoba ya girgiza ƙasar nan, har waƙarsa ta zama gwarzuwar shekara a bikin ba da kyaututtukan mawaƙan Gana na 2007, a lokacin da ake ganin kamar kiɗan kwamfuta ya gama binne na gargajiya. Tsofaffin mazauna Ankara kuma ba za su manta da Onipa Nua ba, makahon nan da ya yi shekaru yana waƙa shi kaɗai a titunan birnin da ɗan abin kiɗansa na yatsu, kafin Faisal Helwani ya ɗauki muryarsa a faifai.

Waƙe talaka da Hausa ma ba baƙon abu ba ne a zongunan ƙasar nan. Alhaji Umaru na Kete Krachi, babban malamin nan da ya rasu a 1934, ya rubuta waƙa da ajami a kan talauci da wadata, yana nuna yadda jama'a ke wulaƙanta marar shi su girmama mai shi. Shi da alƙalami ya yi, Ɗan Maraya da kuntigi, amma ciwon da suka taɓa ɗaya ne. Saboda haka da muryar mutumin Jos ta iso mu ta gidajen rediyo da kaset ɗin da 'yan kasuwa da direbobi ke shigowa da su, ba ta zo wa kunnen da bai saba ba.

Baƙo raɓa

Akwai wani abu kuma da ya haɗa mu da shi, wanda ya fi kiɗa nauyi. Bahaushen Jos, kamar Bahaushen Nima, yana iya zama an haifi kakansa a garin, amma ran da aka sami saɓani sai a tuna masa cewa shi baƙo ne. Garin Jos, wanda a da ake misali da shi wajen zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai, ya faɗa cikin munanan rikice-rikice a watan Satumba na 2001, da Nuwamba na 2008, da Janairu na 2010, kuma gardamar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo tana cikin tushen abin. Mu ma nan mun san ɗacin wannan gardama. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Dakta Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasa, aka wayi gari gidaje da yawa a zonguna sun zama kango. A 1983 kuma gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo da kayansu a ka.

Ɗan Maraya bai bar Jos ba. A can ya zauna, a can ya rasu, da sunan garin a manne da nasa. Masu jin waƙarsa kuwa ba Hausawa kaɗai ba ne, domin a Filato da kewayenta Hausa ce harshen kasuwa da tasha, Musulmi da Kirista duk suna ji. Yaron motar da ya yi wa waƙa bai tambaye shi ƙabilarsa ba. Ƙasarsa ta girmama shi da lambobin yabo na MON da OON, aka ba shi digirin girmamawa har ake kiransa Dakta, ya kuma fita ƙasashen waje da dama ya yi wasa. Duk inda ya je, gwangwanin nan ne dai a hannunsa. Ya rasu cikin kwanakin farko na azumin Ramadan, bai cika shekara 70 ba, shekara 16 bayan rasuwar Shata.

Abin da ya rage a hannunmu

Zongo ba ta daina haifar mawaƙa ba. Daga Nima ne ƙungiyar VIP ta fito ta shigar da Hausa cikin kiɗan zamani har ƙasa duka ta ɗauka, kuma samari da yawa sun bi sahunsu. Wannan abin alfahari ne. Sai dai in ka tara yara goma a Maamobi ka tambaye su mene ne kuntigi, da wuya ka sami biyu da za su ba ka amsa. A ƙasar Hausa akwai irin su Babangida Kakadawa da suka riƙi kuntigi, amma a nan abin ya fi ƙarfin a ce ya yi ƙaranci.

Akwai abin da za mu iya yi wanda ba ya bukatar kuɗi masu yawa. A gidaje da dama akwai tsofaffin kaset a cikin akwati ko ƙarƙashin gado, danshi da ƙura suna cinye su. Samarinmu da suka iya kwamfuta su karɓo su daga hannun iyaye su juye su tun kafin zaren ya lalace. Masu shirye-shiryen Hausa a gidajen rediyo su riƙa sa waƙoƙin nan, su kuma yi wa yara bayanin kalmomin da suka fara ɓace mana, domin a bakin Ɗan Maraya akwai Hausar da yaran da suka tashi cikin Turanci da Tuwi da Ga ba sa ji a ko'ina. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to tun da mai ita ya tafi, muryarsa da ya bari ita ce amanar da ke hannunmu.

Sannan gobe da safe, in mai karatu ya shiga trotro, ya dubi yaron da ke karɓar kuɗi, ko yarinyar da ta ɗauko masa kaya a ka daga kasuwar Malam Atta, ya tuna cewa an taɓa yin mawaƙin da ya ga irinsu sun cancanci a yi musu waƙa. In ba za mu iya waƙar ba, sannu da aiki ba ta fi ƙarfinmu ba.

Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, ya gafarta masa kurakuransa, ya kuma jiɓinci lamarin marayunmu a duk inda suke, amin.